Kora, kurɓa da kwankwaɗa: kalmomin abin sha a teburin iyali

Tambayoyin da suka taru a wannan karon sun karkata ne ga abin sha, irin wanda iyali kan nema idan sun zauna a gidan cin abinci, mai kawo abincin ya tsaya a kansu yana jiran jin abin da kowa ke so. Ga waɗanda na tsamo.

Wata uwa ta rubuto cewa: "Malam, in mun fita cin abinci da yara, maigidana kan ce a kawo abin da za a kora da shi. Ni korar da na sani ta kaza ce ko ta ɓarawo. Me ya haɗa ta da abin sha?"

Malama, saiwar ɗaya ce, rassan ne suka bambanta. Akwai "ya kori kare", wato ya fatattake shi ya bar wurin. Akwai kuma "ya kora shanu", wato ya sa su a gaba yana biye da su har su kai inda ake so. Ta biyun ce ta hau teburin abinci. Loma ta wuce maƙogwaro, ruwa ya bi bayanta ya raka ta ciki, sai a ce mutum ya kora ruwa, ko ya kora da ruwa. Shi ya sa ba za ki ji an ce wa wanda ya shigo daga rana da ƙishirwa ya kora ba, shi sha zai yi. Ba a kora sai in akwai abin da ya riga ya shige, ko loma ko ƙwayar magani.

Ina ƙaunar wannan kalma, domin ta ajiye kowa a matsayinsa: abinci a gaba, abin sha na biye. A gidajen cin abinci da yawa kuwa an juya tsarin. Tun ba a gama haɗa abincin ba an dire wa yaro ƙaton kofi na lemon kwalba da ƙanƙara, ya yi ta zuƙa don ya rage zaman jira. Faranti na isowa ya tsakuri loma biyu ya ture, a hanyar komawa gida kuma ya fara kukan yunwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Gwangwanin kola mai mililita 330 na ɗauke da sukari kimanin giram 35, kusan ƙananan cokula tara. A 2015 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake zubawa a ci da sha, har da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, abin da ya kama kimanin giram 50 ga babba. Gwangwani ɗaya ya lashe fiye da kashi biyu cikin uku na rabon babba, balle na yaro. Don haka in kun zauna, a fara kawo ruwa. In za a sha lemo, ya iso tare da faranti, kuma ƙarami.

Abin korawa ma ya danganta da abin da za a kora. Soyayyen abu mai maiƙo ya fi son ruwan da aka matsa wa lemon tsami, ko shayi marar sukari, saboda tsami da ɗan bauri kan ɗauke nauyin mai daga harshe, loma ta gaba ta zo da ɗanɗanonta. Abinci mai yaji kuwa ruwa ba ya iya masa. Sinadarin da ke sa barkono raɗaɗi ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, shi ya sa za ki ga mutum ya shanye kofi biyu yana ta huci, hawaye na zuba, bakin bai huce ba. Madara ce maganin, don kitsenta da furotin ɗinta na kama sinadarin su wuce da shi.

Wani ɗalibi ya ce: "Abokina ya dage a kan cewa sha daga Larabci aka aro ta, daga shariba, kuma shayi daga sha aka ƙirƙiro shi. Haka ne?"

Ɗana, duka biyun kamar sauti ce kawai ta ruɗe shi. Sha Hausa ce tun asali. Harsuna da dama 'yan uwan Hausa, na rukunin da masana ke kira harsunan Cadi, suna da irinta, kuma a aikin da masanin harsuna Paul Newman ya fitar a 1977 kan tushen waɗannan harsuna ya mayar da ita ga tsohuwar saiwa mai kama da sa. Da wuya al'umma ta je aron kalmar abin da jariri ke yi tun ranar haihuwa. Shayi kuwa baƙo ne mai doguwar tafiya: daga Larabci shay, shi kuma daga Farisanci chay, asalinsa cha na ƙasar Sin. Waɗanda ganyen ya isa gare su ta teku, ta hannun fataken Holan, sun ɗauki te na yaren gaɓar Fujiyan da ke kudancin ƙasar Sin, kuma daga can ne ti ɗin da wasu ke faɗa ya biyo ta Turanci. Ganye ɗaya, suna biyu, kowane da hanyar da ya bi.

Amma tunda ka taɓo sha, bari in ɗan daɗe a kanta, don tana cikin kalmomin da suka fi kowace aiki a harshen nan. Masanin harsuna Claude Gouffé ya yi nazarin ci da sha a Hausa a 1966, Philip Jaggar da Malami Buba suka sake duba su a 2009, kuma abin da suka fito da shi duk mai jin Hausa zai gane shi da kunnensa. Ci na wanda ya yi rinjaye ne: cin yaƙi, cin zaɓe, cin jarrabawa, cin riba. Sha na wanda abu ya sauka a kansa ne: shan wahala, shan kashi, shan kaye, shan rana. Ba lallai abin ya zama mugu ba, ai akwai shan iska da shan daɗi, har karin magana ta haɗa biyun ta ce sai an sha wuya akan sha daɗi. Dalilin yana baki. Mai ci yana sa haƙori ya murƙushe abin da ke gabansa, mai sha kuwa buɗe maƙogwaro kawai yake yi abin ya kwarara. Da wannan ma'aunin ake raba 'ya'yan itace: ana shan kankana da abarba da mangwaro saboda ruwansu, ana cin ayaba da dabino. Askirim da yara ke roƙo bayan an gama cin abinci shan sa ake yi, ko da cokali ake ɗiba. Akwai kuma sha ta maimaici, kamar "na sha gaya maka". Sha ta ƙirga, ta goma sha ɗaya, aikinta dabam ne, kada ka haɗa su.

Wani magidanci ya koka: "Na ce a kawo min lemo, aka kawo na kwalba, alhali matsattse nake nufi. Wa ya yi kuskure?"

Malam, babu wanda ya yi. Lemo daga laimun na Larabci yake, sunan ɗan itacen ne, ga na zaƙi ga na tsami. Da kayan sha na kwalba suka yaɗu, da yawansu masu ɗanɗanon lemo, sai sunan ya rufe su gaba ɗaya, har kola da ba ta da alaƙa da itacen ta zama lemo. Yau in ka faɗi kalmar ita kaɗai a gidan cin abinci, na kwalba za a fahimta. In matsattse kake so, ka ce ruwan lemon zaƙi wanda aka matse yanzu, ka kuma tambaya ko an ƙara masa sukari, don sau da yawa ana ƙarawa.

Wata malamar makaranta ta tambaya: "Ɗalibaina sha kawai suka sani. Wane bambanci ke tsakanin kurɓa da kwankwaɗa da zuƙa, don in koya musu?"

Malama, kin yi abin kirki da kika damu da wannan, domin kalmomin nan suna sulalewa daga bakin yara, kuma duk wadda ta tafi ta tafi da hoton da take ɗauke da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sa su lura da teburi guda. Kaka na riƙe da kofin shayi mai tururi, ta hura, ta kai leɓe, ta ɗauki kaɗan ta ajiye: kurɓa ke nan, kuma ta fi dacewa da abu mai zafi ko mai kauri. Saurayin da ya shigo da gumi ya ɗaga kofin ruwan sanyi, maƙogwaronsa na hawa da sauka, bai sauke ba sai da ya ga gindin kofin: ya kwankwaɗa, wasu su ce ya ɗaɗɗaka. Ki faɗi kalmar a hankali, za ki ji ƙarar ruwan a cikinta. Yarinya ta sa ɗan bututun roba a baki tana jan lemo, kumatu sun lotsa: zuƙa take yi, kalmar da ake yi wa hayaƙi da iska ma. Ƙaninta na goye yana tsotsar kan kwalbarsa. Wanda ya cika baki da ruwa ya riƙe bai haɗiye ba ya guntsa. Abin da ya wuce maƙogwaro a haɗiya ɗaya shi ne maƙwarwa, shi ya sa ake cewa ko maƙwarwa ɗaya bai sha ba. Zuma kuwa lasa ake yi.

Ki haɗa musu da biyun da ake yawan cakuɗawa. Shaƙewa ta busasshen abinci ce da ya tsaya a wuya, nan ne kurɓin ruwa ke da rana. Ƙwarewa, ko sarƙewa, ta ruwan ce da kansa, idan ya kauce ya nufi hanyar numfashi. Akwai ɗan murfi a maƙogwaro da ke rufe wannan hanya duk lokacin haɗiya, to in yaro na dariya ko surutu da ruwa a baki, murfin bai gama rufewa ba ruwan ya zo, sai tari da jan ido. Wannan ne dalilin da ya sa iyaye ke hana magana ana sha, kuma dalili ne mai ƙarfi. Batun da ake yaɗawa cewa shan ruwa ana cikin cin abinci na ɓata narkewarsa kuwa ba shi da tushe a likitance. Ruwa na tausasa loma ne ya sauƙaƙa wa ciki aiki, ba a banza ake masa kirari da abokin aiki ba.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce: "An ce ruwa ba ya tsami banza. To ni na sha ruwan kwalba mai gas, ba sukari ba lemo, na ji ɗan tsami-tsami. Ina karin maganar ta tsaya?"

Ɗana, tana nan daram. Ma'anarta ita ce abu ba ya canzawa haka kawai. Ruwa ba shi da ɗanɗano, in ka ji ya yi tsami wani abu ne ya shiga cikinsa. Haka in mai fara'a ya wayi gari ya sha mur, ko wanda bai saba zuwa gaishe ka ba ya fara sintiri a ƙofarka, sai a ce ruwa ba ya tsami banza, wato a bincika, akwai dalili. Ruwanka ma da nasa dalilin. Iskar kabon da aka ɗura masa da ƙarfi tana narkewa a ciki, kaɗan daga cikinta ta zama asid mai rauni, shi ne tsamin da kake ji da ɗan cizon da ke kan harshe. Masanin kimiyya Joseph Priestley ne ya gano hanyar yin haka a garin Lids na Ingila a 1767, ya bayyana ta a rubuce a 1772, sannan Jacob Schweppe ya mayar da ita sana'a a birnin Janeba, na ƙasar Suwizalan a yau, a 1783. Duk lemon kwalba mai kumfa daga nan ya samo asali.

Ka gwada wani abu. Ka bar lemon kwalba a buɗe har gas ɗin ya fice, sanyin ya sake shi, sannan ka kurɓa. Za ka ji zaƙin ya yi yawa har ya gundure ka, alhali ko ƙwayar sukari ba a ƙara ba. Tsamin gas da sanyin ƙanƙara ne suke danne shi tun farko, shi ya sa ake iya kwankwaɗar kwalba guda ba a ji komai ba. Ruwan gas ɗin da ka sha, in ka sa aka jefa masa yankin lemon tsami, zai kora maka soyayyen abinci yadda lemon kwalba zai yi, ba tare da cokulan sukarin nan ba.