Rigimar masoya Doctor Who, da yadda take shigowa gidajenmu a Birtaniya

Malam, ka tambaye mu abin da ya sa mutanen ƙasar nan, har da 'ya'yanmu da aka haifa a nan, suke ɗaukar zafi a kan wasan talabijin ɗin nan Doctor Who kamar an taɓa musu gado. Tambayarka tana kan hanya. Wanda yake leƙowa daga Kano ko Damagaram zai ga masu furfura suna musu a kan wani mutum, Dakta, da yake yawo tsakanin zamunna da duniyoyi cikin jirgi mai kama da shuɗin akwatin 'yan sanda, dole ya rasa gane kan abin.

Tushen farko shi ne daɗewa. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, ta dakatar a 1989, ta dawo da shi a 2005, ana shirya shi a Cardiff. A gida ɗaya na Turawa za ka tarar kaka ya kalle shi tun talabijin ba launi, uba ya kalla yana ɗan firamare, jika yana kallo a waya. Kowannensu kuma yana da wanda yake kira "Daktana", wato ɗan wasan da yake riƙe da matsayin lokacin da shi yake yaro.

Nan ne maganar take. A 1966 ɗan wasan farko, William Hartnell, ya kasa ci gaba saboda rashin lafiya. Maimakon a rufe wasan, masu shirin suka fito da dabara: tunda Dakta ba ɗan Adam ba ne, daga wata duniya ya zo, idan ya ji raunin da zai kashe shi sai jikinsa ya sabunta, ya tashi da wata fuska da wani hali. Patrick Troughton ya karɓa. A gida, idan aka canza jaruma a tsakiyar fim mai dogon zango, ka san irin guna-gunin da ake yi. To su sun ɗauki canjin sun dasa shi cikin labarin, saboda haka kowace shekara uku ko huɗu guna-gunin yana dawowa, kuma hanya ɗaya yake bi. Ana sanar da sabon ɗan wasa, a ce bai dace ba. Ya fito a kashin farko, rabin masu ƙorafin su sauko. Ranar da zai tafi, su ne masu hawaye. An ce Matt Smith yaro ne, don shekararsa 26 lokacin da aka zaɓe shi. Peter Capaldi ya zo yana da 55, aka ce tsoho ne. A Yulin 2017 aka ba mace, Jodie Whittaker, hayaniya ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. A 2022 aka sanar da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Scotland.

A kan Gatwa muna so ka bambance abu biyu, domin 'ya'yanmu suna karanta duka a intanet. Akwai mai sukar rubutu, ya ce an gaggauta ƙarshen labari, ko kashi takwas a zango sun yi kaɗan idan aka kwatanta da goma sha uku na da. Wannan suka ce ta mai son abu. Akwai kuma wanda launin fatar ne ya dame shi, ya fake da maganar rubutu. Yaro baƙar fata da ya ga irinsa yana tuƙa akwatin nan, sannan ya ga abin da ake rubutawa a kansa, abin yana taɓa shi, kuma iyaye a nan ba sa barin maganar ta wuce ba su zauna da shi ba.

Abin da ya fi ƙona ran tsofaffin masoya kuwa shi ne a taɓa asali. Za su yafe dodon da aka yi da roba, ba za su yafe saɓani ba. Tun 1976 aka kafa cewa sau goma sha biyu kawai Dakta zai iya sabunta, a 2013 aka nemo hanyar ƙara masa. Sai a 2020 marubuci Chris Chibnall ya ce Dakta ba ma ɗan Gallifrey ba ne, wato duniyar da aka san ya fito, tsintacce ne, kuma ya yi rayuwa da yawa kafin Hartnell. Ka ɗauka kamar a zo wa gidan da ya haddace salsalarsa a ce kakan da suke kirgawa daga kansa ba shi ne na farko ba. Har yanzu ba a gama wannan musun ba.

Idan ka ga suna jifan juna da alƙaluman masu kallo, ka yi hattara. Adadin daren da aka nuna daban, na kwana bakwai da ya haɗa da masu kallo a iPlayer, manhajar kallon BBC a intanet, daban. Mai son nuna wasan ya mutu yakan kawo miliyan 16 na 1979, bai faɗa maka cewa tashoshi uku ne a lokacin ba, kuma ma'aikatan ɗaya daga cikinsu, ITV, suna yajin aiki.

Gidajenmu ta hannun yara abin yake shigowa, daga makaranta. Yawanci yammacin Asabar ake nunawa, kashi ɗaya kamar minti 45. Turawa suna da wata magana ta ɓuya a bayan kujera, kuma gaskiya ce: da zarar muryar Dalek, dodon ƙarfen da yake gaba da Dakta, ta tashi, za ka ga ɗan shekara shida ya zame bayan kushin, ido ɗaya a waje, ya ƙi yarda a kashe talabijin. Abin da iyaye da yawa suke yi shi ne su fara kallon kashin a iPlayer kafin yara. Dalili biyu ne. Wasu kashin sun yi wa ƙanana tsanani, shi ya sa a bayan faifan ake buga alamar shekarun kallo, PG (a kalla da kulawar iyaye) ko 12. Sannan zangunan baya-bayan nan suna kawo al'amuran soyayya da jinsi da ba su zo daidai da tarbiyyar gidajenmu ba, kowane gida kuma yana yanke abin da zai tsallake da abin da zai bari a gani a tattauna. Hanawa gaba ɗaya ba ta cika aiki ba, don ranar Litinin a filin wasa za a ba shi labarin kaf. Batun mutuwa da tashi da wata fuska, wanda muka san zai tsaya maka a rai, ana faɗa wa yaro tun farko cewa tatsuniya ce irin ta Gizo, rai da mutuwa na Allah ne. Idan magariba ta shigo a tsakiya, a danna tsayawa a yi salla. Ka sani kuma ko a waya za a kalli iPlayer sai gida yana da lasisin talabijin, wanda a Afrilun 2025 kuɗinsa ya kai fam 174.50 a shekara.

Babban laifi a wajensu shi ne ka faɗa wa mutum ƙarshen labari bai gani ba. A 2024 aka riƙa sakin kashi da ƙarfe sha biyun dare kafin a nuna a BBC One da yamma, masu barci suka riƙa farkawa an gama tona komai a intanet. Ƙorafi ya yi yawa, a 2025 aka mayar ƙarfe takwas na safe.

A Mayun 2025 an yi wani kashi da labarinsa yake faruwa a shagon aski a Legas, Inua Ellams ne ya rubuta, haifaffen Jos. Shagon yana kan bayan wani ƙaton gizo-gizo, kuma labaran da waɗanda ake yi wa aski suke bayarwa ne suke tuƙa shi. Wannan ya ba iyaye ƙofar jawo Gizo da Ƙoƙi cikin hira.

Jos ɗin nan ma ta taɓa faranta wa masoyan rai fiye da haka. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 BBC ta riƙa goge kaset don ta sake amfani da shi, saboda tsada, kashi fiye da ɗari suka ɓace. Abin da ya rage shi ne sautin da masu kallo suka naɗa a gida da rikoda, da kwafin fim da aka sayar wa tashoshin waje, har da na Najeriya. A Oktoban 2013 aka sanar cewa Philip Morris, mai farautar ɓatattun finafinai, ya samo gwangwanaye a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, ƙura ta rufe takardar da aka liƙa da sunan wasan. Kashi tara da aka fid da rai da su suka dawo, na zamanin Troughton: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97. Kashi na uku na The Web of Fear bai iso ba.

Saboda haka, Malam, idan ka san mai riƙe da makullin tsohon sito a gidan talabijin, ga abin dubawa: gwangwani mai faɗi kamar faranti, fim mai milimita 16 a ciki, da rubutu a jikin murfin. Kada a bar shi a rana ko inda damshi yake, kada a saka shi a tsohon injin majigi don a gwada, yana iya tsinkewa. Idan aka buɗe aka ji tsami kamar na binega, fim ɗin ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran, a ɗauki hoton rubutun murfin da waya, a sanar da shugabannin tashar.