Kuɗin garantin manhaja: in mayar ko in riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina rubuta manhaja a Abuja. Wani kantin magani a Wuse ya ba ni aikin naira miliyan 3, na lissafa dubu 400 a ciki saboda gyaran duk matsalar da ta taso cikin wata 6. Lokacin ya cika, sau ɗaya aka kira ni. Abokina ya ce wannan inshora ce, haramun. In mayar musu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, riƙe kuɗinka. Hukuncin ya rataya ne a kan kalmarka ta "a ciki". Farashi ɗaya kuka yanke, garantin kuma bin cinikin yake yi. Da bayan miƙa aiki ne wani daban ya zo yana sayar musu da garantin shi kaɗai, da magana ta sauya.

Abokinka ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Hujjarsu ita ce ba a san ko gyaran zai taso ba, don haka akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki. To amma mai inshora kuɗi yake karɓa don ya biya kuɗi a kan ɓarnar da ba hannunsa a ciki. Kai kuwa aikin hannunka ka tsaya wa, kamar magini da ya ce in rufi ya yi yoyo a daminar farko a kira shi. Malaman fiƙihu suna yafe rashin sanin da ya zo a matsayin mabiyi, shi ya sa ake sayar da akuya da cikinta, ba a sayar da cikin shi kaɗai. Masu kafa hujja da hadisin hana ciniki da sharaɗi kuwa, hadisin bai inganta ba, ga kuma sahabi Jabir ya sayar wa Annabi (SAW) da raƙuminsa da sharaɗin hawansa zuwa Madina. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ma ta halatta sharaɗin gyara na ƙayyadadden lokaci a zamanta na Manama, babban birnin Bahrain, a 1998.

Amma ɓoye aibin da ka sani a manhajar, wannan ha'inci ne, babu saɓani a kai.

Abin da ba ka tambaya ba: na ga matasa da yawa suna cinye kuɗin garanti tun ranar da alat ya shigo, sai matsala ta taso su daina ɗaga waya. Ware shi daban har wa'adin ya cika. Ka kuma rubuta a yarjejeniya mene ne gyara, mene ne ƙari. Rasit ya fitar da lissafi ba daidai ba, gyaran naka ne. Alhaji mai kantin ya ce a haɗa masa sabon reshe a Kubwa, wannan sabon ciniki ne, kada kunya ta sa ka yi shi kyauta kana gunaguni.

Wallahu a'alam.