Jihaz ɗina ko'ina kuka yake, ya zan gane dahab (zinare)?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Mai Wurno a Sudan, mun haɗa kuɗi ni da yayana mun sayi jihaz na hannu, wato na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, muna shirin tafiya neman zinare wajen Abu Hamad da ke arewacin ƙasar. To duk inda na kai faifan jihaz ɗin sai ya kama kuka, in na haƙa sai ƙusa ko murfin kwalba, wani sa'in ma dutse kawai. Dan Allah ya ake bambancewa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa a dace. Kar ka hau boksi, wato motar a-kori-kura, tukuna, wallahi sati biyu a bayan gidanku ya fi maka wata guda kana yawo a sahara da na'urar da ba ka san muryarta ba. Samo ƙusa, guntun dalma, wayar tagulla, murfin lemo, ka aro ɗan kunnen zinare wurin umma, ka binne su daban-daban kamar taƙi ɗaya, ka riƙa wucewa a kansu a hankali faifan na dab da ƙasa, kar ka ɗaga shi a ƙarshen lilo, har kunnenka ya haddace kukan kowanne.

Dutsen nan da ke ruɗa ka, ma'adinin ƙarfe ne a cikinsa, kuma ƙasar arewa cike take da irinsa. Maganinsa muwazana, wato daidaita jihaz da ƙasar wurin: nemi inda ba ƙarfe, ka yi ta ɗaga faifan sama da ƙasa har kukan ya lafa, in ka canza wuri ka sake.

Ban san wanne kuka saya ba cikin nau'o'in jihaz da ake kira VLF da PI. In VLF ne mai nuna lamba, baƙin ƙarfe yakan faɗo can ƙasa da murya mai kaushi, azurfa da tagulla can sama, shi kuwa zinare yana zama tsakiya tare da alminiyam da dalma, ƙaramin ƙwaya ma har kusa da ƙarfe yake sauka. Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya murɗa tacewa, wato maɓallin da ke hana jihaz kuka a kan wasu ƙarafa, har ƙarshe wai yana gudun shara, ai da zinaren yake zubarwa. In PI ne irin samfurin GPX, ya fi shiga zurfi amma bambancewarsa kaɗan ce, haƙa kawai za ka yi.

In abu ya fito, hannunka ne alƙali. Mayen ƙarfe ba ya kama zinare. Zinare na da nauyi sosai, ya ninka ruwa sau 19, ita kuwa dalma sau 11 kawai ta ninka ruwa. Ɗora shi kan dutse ka ɗan buga, zinare baje wa yake, dutsen nan mai ƙyallin ƙarya kamar zinare kuwa farfashewa yake, in ka goga shi ya bar baƙin layi. Sauran hukunci sai masu awo a kasuwar zinare ta Ubaidiyya.

Abu ɗaya nake roƙonka da yayanka. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a wurare da yawa, kuma jihaz yana jinsu sarai. In ka ga ƙarfe mai siffar da ba ka gane ba, kar ka taɓa, kar ka sa masa diga, ja da baya ta inda ka bi ka sanar da mutanen wurin.