Zan sa jari a kiwon tumakin waje: cutar da uwa ke ba ɗa za ta cinye mini uwar kuɗi?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Jos: "Na saba sayen raguna a Kara ta Bukuru in turke su zuwa Babbar Sallah. Yanzu ina so in sayi tumaki ashirin masu jinin waje don haihuwa, amma na ji akwai cutar ƙwaƙwalwa da tunkiya ke ba ɗanta. In ci gaba ko in haƙura?"

Alhaji, cutar da ka ji sunanta sikirefi, an san ta a Ingila tun 1732. Ba ƙwayar cuta irin wadda aka saba ba ce ke kawo ta, wani gurɓataccen furotin ne da ake kira furayon. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Wahalarta ga ɗan kasuwa ita ce jinkiri: dabbar da ta kamu tun tana jaririya takan yi shekara 2 zuwa 5 kafin ta nuna alama. Shi ya sa mai turke na wata uku ko huɗu bai cika jin jikinta ba, amma mai garken haihuwa yana iya tara ta shekaru yana lissafin riba.

A wurin haihuwa ta fi yaɗuwa. Mabiyiya da ruwan haihuwar tunkiyar da ta kamu suna ɗauke da furayon, ɗan ya lasa, 'ya'yan sauran tumaki su lasa, shimfiɗa ta jiƙe. Dakashi da nono ma suna kai ta. Kuma tana daɗewa a wuri: a ƙasar Aisilan an samu rumfar tumaki da ta sake harbar garke bayan shekara 16. Tafasasshen ruwa da maganin wanke garke na yau da kullum ba sa kashe ta.

Saboda haka ka ci gaba, amma ka rage yawan tumakin farko, ka karkatar da kuɗin zuwa wurare biyu. Na farko rago. Juriya ga wannan cuta gadonta ake yi. Nau'in ƙwayar gado da ake rubutawa ARR ya fi juriya, VRQ ya fi rauni. Idan ɗan da ke ciki ya gaji ARR daga uba, furayon ba ya taruwa a mabiyiyarsa ko da uwar ta kamu. Rago mai takardar gwaji ARR/ARR, wato wanda ya gaji ARR daga uwa da uba, ya fi tumaki biyar marasa tarihi amfani a gare ka. Wannan hanya Birtaniya ta bi a shirinta na yaƙi da cutar na 2001.

Na biyu ɗakin haihuwa. Ka yi masa daɓen siminti, kowace tunkiya da nata sashe. Da ta haihu a kwashe mabiyiya da safar hannu a ƙone tare da shimfiɗar, kada kare ya ja ta. A wanke daɓen da sodar yin sabulu, giram 80 a lita ɗaya ta ruwa, a bar ta awa guda. Tana ƙona fata da ido, a kula. A kan turɓaya wannan wanki aikin banza ne. Kada a ba maraya nonon tunkiyar da ba ka san asalinta ba.

Wajen saye, ka tambayi garken da aka haifi uwayen da shekarun da aka yi ana sa masa ido. Ostireliya da Niw Zilan an ɗauke su marasa sikirefi na asali, wato irin mai yaɗuwa da muke magana a kai. Mai sayarwa da ya kasa nuna takarda, arhar tasa ba ta isa dalili ba.

Tunkiya mai goga jiki a bango, mai rama alhali tana ci, mai tangaɗi ko lasar leɓe idan an sosa bayanta, a ware ta. Sau da yawa ƙazuwa ce ko kwarkwata, don haka kada ka yi saurin karyar da ita a kasuwa. Kira likitan dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana kusa da kai, a can za ka nemi shawarar gwaji.