An yi mini allurar jijiyoyin ƙafa amma sun dawo, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a nan Kano, shekaruna 41, haihuwata shida. Tun cikina na huɗu jijiyoyi suka firfito mini a sha-raɓa da bayan gwiwa, duk sun murɗe. Bara aka yi mini allurai a wani asibitin kuɗi don su ɓace. Sun kwanta na ɗan lokaci, yanzu sun dawo, ga baƙin tabo a inda aka soka, da yamma kuma ƙafar nauyi take yi mini. Wata ƙawata ta ce in je wanzami ya yi mini ƙaho. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Da kina gabana, abin da zan fara tambaya shi ne: kafin allurar, an yi wa ƙafar hoton Dofla, wato sikanin da ke nuna yadda jini ke gudana a jijiya, kina tsaye? Galibi a nan gizo ke saƙar.

Jinin ƙafa sama yake hawa zuwa zuciya, kuma a cikin jijiyoyin akwai ƴan ƙofofi da ke rufewa bayansa don kada ya gangaro. Gado, yawan ciki, ƙiba da doguwar tsayuwa irin ta gaban allo suna sa ƙofofin su saki. Jijiyar da ta fi lalacewa ita ce doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu ta bi cikin cinya har matsematsi, kuma sau da yawa ido ba ya ganinta. Waɗanda kike gani a sha-raɓa sau da yawa rassanta ne. In aka toshe rassa da allura aka bar uwar tana sako jini, an yi aikin mai kwashe ruwa a ɗaki ne alhali rufi na yoyo.

Don haka kada ki yarda a sake soka miki komai sai an yi wannan hoto. A tsaye ake yin sa: mai hoton zai matse sha-raɓarki ya saki, ya ga ko jini na komowa baya. In komowar ta wuce rabin daƙiƙa, ƙofar ta lalace. Zai kuma duba jijiyoyin can cikin tsoka, don in akwai tsohon gudan jini a cikinsu, lissafin ya canza gaba ɗaya. Ki nemi a tura ki sashen hoto na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sannan ki ga likitan tiyata da sakamakon a hannu.

In uwar jijiyar ce ta lalace, ana iya zura siririyar waya a cikinta a ƙona ta da zafin leza ko na igiyar rediyo, bayan an kashe wurin da allura, ki taka da ƙafarki ki koma gida a ranar. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta sa wannan a gaba a ƙa'idarta ta 2013, sai allurar kumfa mai toshe jijiyar, da ake yi ana kallon na'urar hoto, sai tiyatar zare jijiyar. Kada a tsorata ki da tiyatar. Tsohuwar hanya ce, jinyarta ta fi tsawo, amma a hannun gwani tana aiki, kuma ba ta bukatar na'ura mai tsada. Bayan an rufe tushen ne ake komawa kan rassan, da allura ko da ƴar ƙaramar tsaga. Ko an yi komai daidai, wasu sabbi kan iya fitowa bayan shekaru; duk wanda ya ce miki har abada, ciniki yake nema.

Baƙin tabon kuwa, sinadarin ƙarfe ne na jinin da ya maƙale a jijiyar da aka toshe, ya rina fata. Baƙar fata ta fi saurin kama shi. Yawanci yakan dusashe cikin wata 6 zuwa 12, kaɗan ne ke wuce haka. Man bilicin ba ya taɓa shi, masu sitiyarod ma sirantar da fata suke yi, ƙananan jijiyoyi su ƙara bayyana. Lezar da ake haskawa a kan fata na ƙananan jijiyoyi ne masu kamar zare, kuma tana iya ƙona irin fatarmu in ba a zaɓi na'urar da ta dace ba.

Ƙaho da tsaga, ki bar su. Jinin da ke cikin waɗannan jijiyoyi a matse yake, in aka yanka zai yi tsartuwa, kuma rauni a kusa da idon sawu kan rikiɗe ya zama gyambon da ke ɗaukar watanni. In wata jijiyar ta fashe, ki kwanta, ki ɗaga ƙafar sama da ƙirji, ki danne da tsumma mai tsabta, a kai ki asibiti.

Kafin a yi aikin, ki samu safar matsi ta asibiti mai kaiwa gwiwa, wadda aka auna ƙafarki aka ba ki. Da asuba ake sa ta kafin ƙafa ta kumbura, a cire da dare. A zafin Afrilu na Kano takura ce, na sani, amma tana rage nauyin nan na yamma. In kina da ciwon suga, a fara duba ko jini na isa ƙafar sosai kafin ki sa. A aji ki riƙa zagayawa kina ɗage dunduniya. In kina da ciki, a dakata da aikin sai bayan haihuwa da kamar wata uku, don wasu kan kwanta da kansu. Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, ki nufi sashen gaggawa a ranar.