Hayar gida mai ƙarin ɗakunan katako: amsa ga wani ɗan kasuwa a Gombe

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tudun Hatsi ya aiko da tambaya. Yana da gida mai ɗaki uku na bulo a Tudun Wada, ya ƙara ɗaki biyu na katako da rufin kwano a tsakar gidan, kuma yana son ba ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe haya. Shin akwai ƙa'idar da zai kiyaye?

Alhaji, akwai, kuma ta farko tsakaninka da hukuma ce. Izinin gini yana tsayawa ne a kan zanen da aka amince da shi, don haka duk ƙarin da ya biyo baya, na bulo ko na katako, yana bukatar amincewar hukumar tsara birane ta jiha, wato GOSUPDA. Ka je da takardun filinka da zanen ƙarin tun kafin ka karɓi ko sisin kwabo, domin idan aka shafa wa ɗakunan jan fenti bayan kuɗin shekara ya shige cikin buhunan masara, kai ne za ka nemo na mayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne gobara. Katakon da ya sha iskar hunturu ba ya jiran wuta ta yi ƙarfi, ɗalibi kuwa ba ya rabuwa da hita da dutsen guga da ƙaramar tukunyar gas. Ka sa ƙwararren mai aikin lantarki ya bi da wayoyin ta cikin bututun roba, ya ware wa ɗakunan nasu makashin wuta, sannan ka tanadi wurin girki a waje, nesa da bangon katako. Ƙofar kowane ɗaki ta riƙa fita kai tsaye zuwa fili, kuma na'urar kashe gobara ta kasance a rataye inda hannu zai kai. Rayukan 'ya'yan mutane ne za su kwana a ciki, amana ce a wuyanka. Gara kuma maganinta sananne ne: a ɗora katakon a kan jerin bulo biyu ko uku, a shafe shi da maganin gara kafin damina.

Yarjejeniyar haya ta zama a rubuce, da shaidu, kuma ta ambaci cewa ɗakunan na katako ne, ta hana girki da ajiyar fetur a cikinsu, ta fayyace wanda zai ɗauki gyaran yoyo da ruɓewar katako. A ganina wannan gyaran naka ne, tun da jikin ginin ya shafa. Ka rubuta wa'adin tashi ma, domin idan takarda ta yi shiru, abin da kotuna suka saba bi shi ne sanarwar wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, sannan ƙarin sanarwar kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa ko kwance kwano don a kori ɗan haya yana mayar da mai gida wanda ake ƙara.

Game da farashi, kada dillali ya zuga ka ka daidaita su da na bulo. A watan Maris da Afrilu ɗakin katako mai rufin kwano ba ya zaunuwa da rana in babu silin, kuma ɗan haya ya san haka. A misali, idan ɗakin bulo naira 150,000 ne a shekara, ka tsaya wajen 100,000, ka cire ladan dillali, ka ware kashi 20 cikin 100 don gyara. Abin da ya rage a shekara biyun farko ka riƙa sayen bulo da siminti da shi, ka sauya bangon ɗaki ɗaya a lokacin dogon hutu, sa'ad da ɗaliban suka tafi gida.