Allurar sifidomita ta kwanta, mita zan canza ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da Honda Accord ta 1997 mai giya otomatik, sati biyu kenan allurar gudu tana tsalle-tsalle, yanzu kuma ta kwanta gaba ɗaya a sifili ko ina kan babban titi, ga wutar D4 (alamar giya a dashbod) tana ƙyaftawa. Bakanike na ya ce in sayo mita ɗan Beljiyam a canza. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata tukuna, kar ka fitar da ko sisi a kan mita sai ka duba abu ɗaya, kuma kai da kanka za ka duba: lambobin nan da ke ƙirga kilomita a ƙasan allurar, suna tafiya ko su ma sun tsaya? In suna ƙirgawa amma allura ce kawai ta mutu, to saƙon gudu yana isowa har dashbod, matsalar a cikin mitar take, ko ɗan ƙaramin injin lantarkin da ke juya allurar ko dalmar da ta tsage a bayan allon, wanda mai gyaran mita zai iya sake narkawa. In kuma duka sun tsaya tare, to mai yiwuwa saƙon ne baya zuwa, in kuwa haka ne ko mita goma ka saka haka za su kwanta.

A taka motar ni na fi zargin sensa. Ka ga tsofaffin motoci irin su Fijo 504 wata doguwar waya ce ke juyawa daga giyabos zuwa bayan mita, in ta tsinke shikenan allura ta faɗi, kafin ta tsinke ma za ka ji tana ƙara allurar tana rawa. Taka ba haka take ba, wata 'yar sensa ce a saman giyabos mai wayoyi uku, ɗaya wuta, ɗaya at (wato negatif), ɗaya kuma ita ke kai saƙon gudu zuwa mita da kwamfutar mota. Kwamfutar da wannan saƙon take sanin lokacin canza giya, shi ya sa D4 ke ƙyaftawa, kuma ba mamaki ka fara jin giyar tana shiga da ƙarfi ko tana jinkiri. Accord na shekarun nan an san su da wannan ciwon sosai, kuma yadda ka ce ta fara da tsalle kafin ta mutu, haka sensar ke yi in za ta tafi.

Amma ita ma kar a saya da ka. A fara duba fis, sannan a zare soket ɗin sensar a gani ko mai da ƙura sun cika shi ko ya yi tsatsa, a bi wayar da hannu, wallahi na sha ganin motar da ɓera ne kawai ya ci waya ko masu wankin inji suka ɗura wa soket ruwa, an wanke an busar allura ta tashi. In akwai mai na'urar sikanin a kusa a jona, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da wurin jonawa, in ta nuna lambar matsala P0500 to hanyar sensar gudu take nufi, ba lallai sensar kanta ba. Mai wayarin da ya san aikinsa zai ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin gaba da jak, ya tokare sauran, ya buɗe makulli ba tare da tada inji ba, giya a N, yana juya tayar da hannu yana auna wayar saƙon. In wutar tana hawa tana sauka tsakanin sifili da wajen bolt 5, sensa lafiyarta ƙalau, sai a koma kan waya da mita. In ta tsaya cak alhali wuta da at suna zuwa, to ita ce.

Masu sababbin motoci kuwa, da yawa gudun daga sensocin ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya) na tayoyi ake ɗaukarsa, in wutar ABS ta kama tare da mutuwar allura can za a fara nema.

Kafin a gyara ka saka manhajar GPS a wayarka ta riƙa nuna maka gudu, musamman a doguwar hanya, ƙafa tana yaudara, kana ganin kamar 80 kake ashe ka wuce 110. Kuma kar ka ja abin da tsawo, giyar tana wahala duk ranar da take canzawa ba tare da sanin gudun motar ba. Allah ya tsare hanya.